Shafukan da Dakta Bai Raba Ba

Laraba, bayan isha'i

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau a taron marubuta a GRA, Dakta, babban mai sharhi a wurin, ya ɗaga littafin da Maman Grace ta Shadawanka ta buga da kanta, ya ce ya karanta tas, shirme ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni kam babi na shida ya taɓa ni." Ya ce, "Kai mai keke, aji nawa ka yi da za ka yi sharhi?" Aka yi dariya.

A firamare na tsaya, ban musa ba. Amma na ga kwafin da ke hannunsa. Mai bugawa bai datse takardun da kyau ba, tun daga tsakiya shafukan manne suke ta sama. Nawa da reza na bi na raba su. Nasa ko ɗaya ba a raba ba.

Kuma na yi shiru. Shirun nan ne ke cina.

Da na mai da Maman Grace gida a kekena ta ce, "Ɗana, sauran littattafan zan hura gawayi da su." Sai na tuna Baba, da labaransa da gara ta cinye a akwati ba wanda ya taɓa buɗewa. Saboda shi na fara sharhi a waya.

Na roƙe ta ta ba ni kwana biyu kafin ta ƙona su. Gobe zan naɗi sharhin babi na shida in tura wa kowa. Dakta kuma na saya masa sabuwar reza, tana aljihuna.