Ƙwaya Biyu a Cikin Ambulan

Yindiski, Potiskum,
14 ga Satumba, 1997.

Zuwa ga ƙanena Abdulrahim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya ba ka sa'ar karatunka a Ingila. Inna da sauƙi, ciwon ƙafar ne dai. Ta'aziyyarka ta rasuwar 'yata Khairat ta iso, Allah ya saka da alheri. Amma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, kuma yana ci na a rai.

Ka san yadda Baba ya koya mana gane jabun magani: a danna ƙwaya da farce, in ta marmashe alli ce, in ta yi tauri ita ce ta gaske. To, da zazzaɓi ya kama Khairat, an ba mu ƙwayoyi a asibiti. Na danna ɗaya, ta ruguje a yatsana. Na yi ta sababi, wai ni za a raina wa hankali! Na watsar da su, na je wani kemis a bakin tasha na zaɓo masu tauri kamar tsakuwa. Kwana uku ina ba ta tana haɗiya. Ran na huɗu da safe ina wanke fon da ta yi bayan gida a ciki, sai ga ƙwayoyin sun fito yadda suka shiga, ko rubutun jikinsu bai goge ba. Kafin la'asar, rai ya yi halinsa. Wayyo Abdulrahim, shekararta shida kacal.

Na tuna dariyar da na yi maka da ka rubuto cewa aikinka danna 'yar ƙwayar garin magani da allurar da ido ba ya ganin tsininta, don a auna taurinsa. Har cewa na yi farcena ya fi injinka. Ka yafe mini. Ga ragowar na kemis ɗin guda biyu nan na naɗe a auduga. Ka auna, ka gaya mini ko taurin ne ya hana su narkewa, kuma ko da na ba ta waɗanda na zubar da ta tashi. Kada ka lallashe ni, gaskiya nake so.

Inna da Kawu Shehu da ƙanwarmu Mairam suna gaishe ka. Amsar kuwa ka aiko ta hannun Mairam, kada ta biyo ta shagon maigidana Hammawa. Bai san na canja maganin ba. Har yau in ya tarar da ni ina kuka, sai ya ce in yi haƙuri, wai bai taɓa ganin uwar da ta yi jinyar 'yarta kamar ni ba.

Taka yaya,
Adawiyya