Makirufo Biyu da Yatsun Lukumanu

Asabar, 5 ga Maris, 1988

Abokina Hamma ya dawo daga Legas da makirufon da na ba shi sautu. Baƙi, mai nauyi, da akwatinsa mai soso, har da ɗan batir a gindinsa. Na ajiye shi kusa da na roba mai arahar nan da na saya a Sabon Gari, sai na roban ya koma kamar abin wasan yara. Mai ƙungiyar kiɗan nan ta Kano ya ce a aika masa kaset ya ji jitar ƙanena Lukumanu, in ta yi masa zai ɗauke shi. To za su ji jita.

Litinin, 7 ga Maris

Na rufe shago bayan azahar, masu gyaran rediyo su dawo gobe. Na jona amfilifaya a batirin mota. Rakoda biyu, tawa da ta wani da bai zo karɓa ba, kowace da makirufonta. Na roban sai an manna shi a bakin lasifika yake ji. Sabon kuwa na ja shi baya, amma ba abin da ya bari: tsirkiya, gogar yatsa, numfashin Lukumanu, har kazar gidan baya.

Wai shi na roban ya fi masa. "Yaya, wannan ya fi cizo, jitar kawai yake kamawa." Na ce kunnenka ne ya saba da shara. Sai ya ɗauki sabon yana ƙwanƙwasa kansa da farce, yana hura masa iska. Ban san lokacin da na kwaɗa masa mari ba. Leɓensa ya fashe. Ya goge da hannun riga ya ci gaba da kiɗa.

Talata, 8 ga Maris

Gwaggo ta ga leɓen. "Falalu, hannun nan naka zai ja mana." Kullum zancen ke nan. Ni na yi renonsa tun rasuwar Baba, ni na saya masa jitar, ba zan gyara masa zama ba?

Alhamis, 10 ga Maris

An gayyaci Lukumanu bikin wani malamin makaranta a garin Fulatan jibi. Can zan ɗauki kaset ɗin, a gaban mutane ya fi sakin jiki. Da duka biyun zan tafi, a gama gardama.

Asabar, 12 ga Maris



Bayan la'asar muka kafa kaya a ƙofar gidan ango. Ashe dangin amarya sun kira Ilu mai kalangu da mutanensa, tun safe suke kiɗa. Lukumanu na taɓa tsirkiya fili ya watse ya dawo wajenmu, aka bar su da ƴan tsofaffi. Kiɗan da ya yi yau bai taɓa yin irinsa ba. Ina durƙushe kan rakoda sai na ji ƙara. Na ɗago, ga sabon makirufo a ƙasa, ga Ilu tsaye a kansa.

Ƙarfen da nake kafa shi a kai na fizga. Na farko a kafaɗa, ya kare na biyu da hannu, na ji ƙas. Ya faɗi, ban daina ba. Kalangun ma na taka ta har fatar ta yage. Sai da aka taru aka danne ni. Mata na ihu, ango na salati. Muka kwashi kaya muka hau babur, ana jifanmu har bayan gari.

Makirufon ya ɗan lotse a kai amma yana aiki. Da gangan ya yi. Da gangan.

Lahadi, 13 ga Maris

Mai unguwa ya aiko. An ce hannun Ilu na dama ya karye. Manya za su zauna. Su zauna.

Laraba, 16 ga Maris

Lukumanu ba ya min magana sai gaisuwa.

Juma'a, 18 ga Maris

Innalillahi.

Na aiki Lukumanu Rogo ya kai wa wani rediyonsa. A bayan tasha suka tare shi, ƙannen Ilu. Ba su taɓa fuskarsa ba. Suka kwantar da shi, suka shimfiɗa hannunsa na hagu a kan dutse, suka sa gora. Wani direba ne ya kawo shi, riga duk jini, yatsun sun kumbura ba ka gane wanne ne wanne. Ya ce cewa suka yi, ka gaya wa yayanka ya taɓa mana hannun kiɗa.

Gwaggo ko kallona ba ta yi ba. Da ta zage ni da ya fi.

Asabar, 19 ga Maris

Maɗori a Unguwar Hajji. Yatsu uku. Ni na riƙe shi ana ja, ya cije min kafaɗa har ta huje. Na tambayi maɗorin ko za su koma yadda suke, ya ce lafiya ta Allah ce.

Na wasa adda. Tana ƙarƙashin kujerar babur.

Talata, 22 ga Maris

Na je Fulatan, na zaga, na tsaya bakin rijiya kamar mai jiran wani. Ba su nan. An ce sun kai Ilu wajen dangi. Zan same su.

Lahadi, 27 ga Maris

Yau Lukumanu ya yi min magana, kwance, fuskarsa a bango. "Yaya, ka aika kaset ɗin Fulatan zuwa Kano. Ko ba zan sake ba, su ji na taɓa yi."

Na shiga shago na kulle don in zaɓa. Na fara sa na roban. Jita zalla, da kaifi, tana kuka tana gurnani, har inda ta yanke. Bayan nan sai hayaniya can nesa kamar kasuwa.

Sai na sa ɗayan. Jitar ta fi faɗi, ba ƙarya, ana jin tafi da guɗa. Sai muryar Ilu kusa, yana cewa wani, matsa in ga yadda yaron nan yake yi da yatsunsa. Sai faɗuwar. Makirufon na ƙasa amma bai daina ɗauka ba. "Subhanallahi, waya ce ta harɗe ni, yi haƙuri maigida." Sau biyu ya faɗa. Wallahi ranar ban ji ba. Daga nan ƙarfe a jiki, da wata murya tana ashar kamar ta mahaukaci, da Lukumanu yana "Yaya bari, Yaya ka bari don Allah."

Na kashe. Na fita bayan shago na yi amai. Ƙosan safe ne, tun farko na ji man bai yi ba.

Litinin, 28 ga Maris

Na ba Hamma kaset ɗin na roban ya kai Kano. Ba wai ya fi ba ne. Ɗayan akwai surutu da yawa.

Alhamis, 31 ga Maris

Lukumanu bai iya ɗaura tazuge. Ni nake ɗaura masa, yana kau da kai.

Litinin, 4 ga Afrilu

Mun koma wajen maɗori a duba ɗauri. Muna shiga zaure sai ga Ilu a kan tabarma, shi kaɗai, ya rame, hannun a rataye a wuya. Ya gan ni ya yunƙura zai tashi, bango ya tare shi. Babur na ƙofa, bai fi in juya in ɗauko addar ba. Lukumanu ya ce, "Sannu Malam Ilu, ya jiki?" Ya ce da sauƙi, ya naka. Suka tsaya suna kallon hannun juna.

Ƙashin Ilu ya kama a karkace, sai an sake karyawa an gyara. Maɗorin ya leƙa waje ba kowa, ya ce, kai mai ƙarfin nan, zo ka riƙe min shi. Dattijo ne, ba a yi masa musu. Na zauna a bayansa na rungume shi ta ƙirji.  Na ce masa ya ciji kafaɗata, ta dama, ta hagun ba ta warke ba. Bai ciza ba. Salati ya yi ta yi har ya sume, na yayyafa masa ruwa.

Ba wanda ya zo ɗaukarsa, ga rana. A tsakiya muka sa shi don kar ya faɗo, Lukumanu ya tallafe shi da hannu mai lafiya. Muka nufi tasha.

A hankali na tuƙa. Hanyar ce ba kyau.