Kasuwarmu Ta Koma Bakin Titi

Asabar, bayan sallar isha'i

Yau kasuwa ta ci, amma ba a inda muka ce ta ci ba. Makon jiya a ƙofar gidan mai gari muka ɗaga hannu, muka yanke cewa ta zauna a gindin tsamiyoyi, inda tsofaffi ke iya zuwa da ƙafa. A taron nan hannun makaho da na mai shago duk ɗaya aka ɗauke su.

Da safe manyan motocin 'yan Kano suka tsaya can bakin sabon titin Birnin Kudu, suka ƙi shigowa. Kafin azahar masu hatsi sun kwashe buhunansu sun bi su. Na tare Alhaji Sule mai awo na ce, "Alhaji, ba kusa da ni ka ɗaga hannu ba?"

Ya ce, "Na ɗaga, Malam Habu, amma direba bai gani ba."

To, don me aka tara mu? Baƙi, ba su shawarci kowa ba, sun tashi kasuwar gari guda. Abin da ya fi ci mini rai, da la'asar ni ma na ɗora wa jaki gerona na bi su.