Hannun da Baba Ya Nema

Challawa, Kano.

Zuwa ga Yaya Auwalu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya a can Fatakwal, Allah Ya ƙara rufin asiri. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Firdausi kuma ta sauka lafiya, an samu namiji.

Yaya, maganar ƙaninka Ɗayyabu ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tun da bam ya cire masa hannun dama a bakin daga ya kulle kansa a ɗaki. Watan jiya wani tsohon soja, Malam Idrisu, ya lallaɓa shi zuwa wani sito a Sharada, inda yake koya wa sojojin da suka rasa hannu ko ƙafa karate da dambe, don jiki ya sake koyon tsayuwa. Wallahi ya fara cin abinci, har na ji shi yana tsokanar Inna.

Da Malam Idrisu ya ji tsohon ɗan dambe ne, sai ya ce ya gwada bugu da hagu. Baba ya yi murna, ya ciro zaren damben nan da yake ɗaura masa a hannu tun yana yaro. Da Baba ya taso daga aiki a kamfanin fata, ko wanka bai yi ba muka wuce siton. A gaban kowa ya durƙusa, ya yi bismilla, ya kai hannu ɓangaren dama yadda ya saba. Hannun riga ya damƙo, ba komai a ciki. Yaya, ni kuwa na ji kamar in nutse.

Tun ranar Ɗayyabu bai koma ba, Baba kuma ya kasa haɗa ido da shi, wai ya fama masa miki. Ashe gaskiya ne, sabo ake yi wa kuka.

Jiya da hantsi na kai wa Ɗayyabu koko, na tarar yana naɗa zaren a hagu da haƙora, yana warwarewa. Na ce in taya shi, ya ce Baba kaɗai ke ɗaura masa. Ya ce in gaya wa Baba ba laifinsa ba ne, shi ma a ranar ɓangaren dama ya miƙa masa.

Na kasa faɗa wa Baba, da na buɗe baki kuka ke riga ni. Don Allah ka kira Baba ka gaya masa, kai yake ji. Ran Asabar ake komawa siton.

Ka gaida Anti Badi'a da su Fanna.

Ƙanwarka,
Saudat.