Turminki Yana Ƙarƙashin Mota

Maman Khairat,

Kina fita unguwa na kwance tayar bayan mota. Kukan nan da kike cewa kamar an take akuya, ashe birki ne ya cinye, ƙarfe ke gugar ƙarfe. Allah ne kawai yake tsare mu.

Jak ɗin ɗaga mota ya ƙi tsayawa, sai na tokare motar da turminki. Don Allah kar ki zare shi, kuma ki hana yara zuwa wajen, kar ta faɗo musu. Na tafi Makarfi sayo sabon birki.

Na ga geron da kika jiƙa, ki yi haƙuri. Ki ari turmin maƙwabciyarmu Lantana, amma kar ki gaya mata inda naki yake. In ta ji, duk Janfalan ta ji.

Baban Khairat