Kofin da Aka Ɗaura wa Jan Zare

Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ina cikin takaba, ba ni da wanda zan yi wa faɗa sai kai.

Sakamakon gwajinka ya iso. Ba tarin fuka ba ne. Ka ji? Bai taɓa zama tarin fuka ba.

Ɗan yankin huhunka da aka tura waje, sun bincika ƙwayoyin halittarsa. Likita ta ce wata irin kansa ce da ba a cika gani a huhu ba, lanfom. Ta ce tana da magani, kuma ba a ɗaukar ta. Sai da na sa ta maimaita.

Da ka fara tari, duk unguwarmu ta Briqueterie cewa aka yi hayaƙin tsire ne. Da ka rame, asibiti suka ɗora ka kan maganin tarin fuka, alhali ba su ga komai a kakinka ba. Da magani ya ƙi, aka nemi a ɗebi naman huhun a gwada, Yaya Hamadu ya rantse ba za a yanki ƙaninsa da rai ba. Kai kuma ka sunkuyar da kai, wai ba a musu da babba. Huhunsa ne ko naka? Kai da kake wuni da wuƙa a hannu, allura ta gagare ka? Sai da numfashi ya ƙare maka aka yarda.

Ina fushi da shi, ina fushi da asibitin, amma wallahi na fi fushi da kai.

Masu zuwa daga unguwar Tsinga sayen tsirenka sun gudu tun kana raye. Wannan na haƙura. Abin da ban haƙura ba shi ne Ummi. An ware maka kwano, an ɗaura wa kofinka jan zare, an hana ta shiga ɗakinka. Tana leƙe ta labule, kana korar ta da hannu don kana son ta. Har yanzu tambaya take wane laifi ta yi maka. Me zan ce wa 'yar shekara huɗu?

Jiya Yaya ya zo, ya ce a jefar da kayan cin abincinka. Na tsinke zaren a gabansa, na cika kofin da ruwa, na miƙa wa Ummi. Ta ɓoye hannunta a baya, ta ce Baba ya hana.

Allah Ya jiƙan ka. Ni dai ban huce ba tukuna.

Matarka,
Habiba