Rantsuwar da Baba Ya Kama Ni da Ita a Dutsen Hada

Bani Malik, Jidda
Safar, 1391

Zuwa ga Yaya Na'ibi, a Mai Wurno, ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa ce daga ƙanwarka Dela, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Rabi da yara da duk mutanen gida. Allah Ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan, Ya sa albarka a gonar bakin kogi, Ya jiƙan Inna Ya haskaka makwancinta. Mu nan lafiya lau. Baban Maimuna yana fama da aikin tashar jiragen ruwa, kafilinsa kuwa, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, hali na nan yadda ka sani. Maimuna ta yi tsawo, sai dai in ka yi mata Hausa ta amsa maka da Larabci. Takardarka ta iso tare da kuka da daddawa, mun gode. Na ga kuma ka sake ɗauko zancen Baba ya dawo gida. To, ka gyara zama, don zancen ke nan, kuma raina a ɓace nake rubutu.

Ka san tun da Baba ya zo aikin hajji bayan rasuwar Inna na riƙe shi ban sake ba. Ba mugunta ba ce, Yaya, ƙirjinsa nake ji. Nan in tarin ya taso ga asibiti kusa, can kuwa kafin a samo motar zuwa asibitin Sinnar mutum ya gama jigata. Duk shekara in jiragen alhazai za su koma Bortsudan sai ya ɗaure kayansa, ni kuma in kwance, in ce a bari sai baɗi. Bana ya daina gardama, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ya rage cin abinci, ya wuni a ƙofar gida yana cewa wannan wane irin gari ne, ba ciyawa, ba kukan kwaɗi, sai gumi da gishiri. Ana nan sai Rafi'u, ƙanen baban Maimuna, ya zo da labarin cewa 'yan unguwa sun haɗu za su ɗauki bas zuwa Ɗa'if, garin nan na kan duwatsu inda manya ke gudun zafi. Na ce madalla, a sa da mu. A raina na ƙudura in Baba ya ga tsanwa ya sha iska mai sanyi, zai yarda cewa ƙasar nan ma ta zama ce, ya bar mini zancen komawa.

Kuskurena na fari shi ne yarda Rafi'u ya shugabanci tafiyar. Ba wanda ya naɗa shi, shi ya naɗa kansa, ya tsaya a bakin ƙofar bas yana ta yalla yalla kamar mai kora awaki. Hanyar kuwa, bayan an wuce Makka aka fara hawan dutse, sai ka rantse ba za a kai ba. Mota tana nannaɗe dutse, a gefe rami ne wanda ba a ganin ƙarshensa. Maƙwabciyata Hajiya Barakatu ta rufe ido ta kama salati, in ta huta ta yi amai, ta koma salati. Baba kuwa ko a jikinsa, ya manna goshi a taga yana kallo. Da muka kai Hada, wato ƙauyen da ke can ƙoli inda ake noman wardi, na ce a tsaya mu ga gonakin tun da rana ta yi kyau. Rafi'u ya ce ina, abu mai daɗi a ƙarshe ake ajiye shi, sai a dawowa.

A Ɗa'if kam, gaskiya, abin ya yi kyau. Mun yi salla a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, mun leƙa wani ɗan tsohon masallaci a cikin lambuna, ruwa na gudu a gindin itatuwa. Baba ya tuɓe takalmi ya tsoma ƙafa, ya sha shayi har da zuma, ya tsaya yana yi wa wani manomi gyaran yadda ake jan kunya, mutumin bai ji Hausa ba amma yana ta gyaɗa kai. Na ce alhamdu lillahi, dabarata ta ci. Muka kwana a gidan wani Bahaushe haifaffen can, Abdulghani, ya ba mu barguna, don mu mutanen Jidda ko mayafi mai kauri ba wanda ya tuna ya ɗauko.

Washegari a hanyar dawowa muka iso miƙati, inda mai niyyar umra ke ɗaura harami. Rafi'u ya ce abin kunya ne mu bi ta Makka mu wuce ba umra, kowa ya ce haka ne. Aka yi wanka, maza suka tuɓe riguna da huluna suka ɗaura farare biyu, muka yi niyya. Sai da aka gama tsaf muka koma mota, sannan bawan Allahn nan ya sanar da mu cewa yanzu sai Hada, a ci abinci a sha ƙamshi a sayi ruwan wardi. Yaya, ka ji fa! Mutanen da suka haramta wa kansu turare da bakinsu, su za a kai gidan turare. Muka sauka a gonar wani dattijo, fure ko'ina jajir, ga wani ɗaki da manyan tukwane a kan wuta ana dafa shi. Mai gona ya fito da kwalba zai yayyafa wa baƙi, kamar yadda suke karrama mutum, sai ga manyan magidanta suna tsere masa, kowa ya riƙe zanensa kada ya kwance. Hajiya Barakatu, wadda don ruwan wardin nan kaɗai ta sha wuyar hanya, ta ce ita da Rafi'u sai a gaban Allah.

Muka ja gefe muka shimfiɗa darduma za mu ci abinci, sai birai suka sauko daga dutse. Baban Maimuna ya ɗauki dutse, Rafi'u ya kama hannunsa yana ihu wai mai harami ba ya taɓa naman daji. Muna ji muna gani suka kwashe gurasa da dafaffen ƙwai, wani babba ya zauna a kan murfin tukunya yana ci yana kallon mu. Ban gama jin haushin wannan ba sai gajimare ya sauko mana har ƙasa, ba ka ganin wanda ke gabanka, ruwa ya kece. Direba ya je ya dawo ya ce askarawa sun rufe hanyar sauka, shi ke nan, sai gari ya washe. Sanyi kuwa, wallahi tun da aka haife ni ban ji irinsa ba. Mu mata da sauƙi, muna cikin tufafinmu. Maza sai karkarwa, haƙora na haɗuwa.

Kowa ya nemi mafaka, Baba ya ƙi. Wuta ɗaya ce a wurin, ta ɗakin dafa wardi, ya ce ba zai shiga tururin turare da harami a jikinsa ba. Na ce to ya koma bas, ya ce warin man mota yana shaƙe shi. Ya zauna a ƙarƙashin rumfar kara, ruwa na ɗiga a kansa, ba hula. Na ciro rigarsa da hular ulu daga jaka, direba ya ba da kwat ɗinsa, Baba ya ce tun da yake bai taɓa ɓata harami ba, ba zai fara da tsufa ba. Wani malami da ke cikinmu ya yi masa bayani cewa mara lafiya ya sa tufafi ya yi fidiya daga baya, addini bai ce mutum ya kashe kansa ba. Baba ya ce ya sani, ya gode. Tarin ya taso, irin mai tsayar masa da numfashi, leɓɓansa suka yi baƙi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na durƙusa a cikin taɓo ina kuka. Da na rasa yadda zan yi, sai na ce wallahi tallahi in ya sa rigar nan, duk abin da ya roƙe ni zan yi masa.

Yaya, tsohon nan ya ɗago kai ya dube ni da ido garau. Ya kira malamin da baban Maimuna, ya tambaye su ko sun ji, suka ce sun ji. Ya miƙa hannu ya karɓi riga ya sa, ya ɗora kwat, ya danna hula har kunne, ya tashi da ƙafarsa ya shige ɗakin wardi ya zaɓi wuri mafi kusa da wuta. Daga can ya aiko mini da saƙo cewa fidiya tasa ce, zai yi azuminta, abin da yake roƙo kuwa jirgin Bortsudan ne kafin damina ta faɗi. Na tsaya a cikin ruwa da baki buɗe. Ni na shirya tafiyar nan don in riƙe shi, ni kuma na sake shi da harshena a gaban shaidu.

Da la'asar aka buɗe hanya, muka sauka muka yi umrarmu, ban san ma yadda na yi ɗawafin ba. Da muka dawo gida baban Maimuna ya ce abin ai mai sauƙi ne, in yi kaffarar rantsuwa a wuce wurin. Na je na gaya wa Baba haka, na ƙara da cewa mutane suna sayar da gonakinsu don su zo su mutu kusa da Haramin Makka, shi ga shi a kusa yana neman gudu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba zai tilasta mini ba, kaffara tsakanina da Allah ce, amma shi dai ya ji abin da 'yarsa ta faɗa. Ya ce da ruwan nan ya sauka a gonar Hada ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ya ga kamar in ya waiwaya zai ga Inna ta taho da ƙwaryar fura. Batun mutuwa kuwa, ya ce Allah Ya san hanyar Mai Wurno. Na fita na bar masa ɗakin.

Saboda haka ka ci nasara, kada ka yi mini dariya. Zai taso a watan gobe in Allah Ya yarda, tare da Malam Idris mai ɗinki wanda zai je ganin gida. Ka zo Bortsudan da kanka, kada ka aiko kowa. Kada a bar shi ya kwana a waje, kada a ba shi ruwan randa da asuba, fartanya kuwa ku ɓoye ta. Maganinsa zan haɗo masa na wata da watanni. In ya kwanta ciwo ku buga mini waya nan take, kada ku ce za ku jira ya ji sauƙi tukuna.

Ka gaishe mini da Yaya Rabi, da Gwaggo Mastura, da Kawu Hamad, da Ɗan'azumi da amaryarsa. Baban Maimuna yana gaishe ku, Rafi'u ma ya ce a sa sunansa, na sa ne don kawai na yi alkawari. Baba yana nan a tsakar gida ina jin muryarsa, yana koya wa Maimuna sunayen itatuwan gidanmu. Abin da ya fi ci mini rai, Yaya, tun ranar da na ce na amince tarin ya lafa, yana cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Shekarun nan duka ina dafa masa, ban taɓa ganin ya suɗe kwano ba sai yanzu da zai bar ni.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Dela